San da Na Ɗauko wa Wule Daga Ngaundare

A lokacin, shekara biyu ke nan da dawowarmu daga gudu, gudun nan da Mubi ta watse kowa ya kama dutse. Ba a kai ga rufe iyaka saboda shinkafa ba, balle cutar da ta sa aka daina musabaha. Daminar da katangar gidanmu ta gabas ta faɗi, ita ce. Wanda ya iya lissafin boko ya lissafa. Ni ban shiga aji ba, ina faɗa ne 'yata Hadiza tana rubutawa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana ɗaya zan sani, don sai an karanta mini.

Saniya ce ta kai ni Kamaru. Ku yi dariyarku, an riga ku.

Ubana Bakatsine ne, baduku. Uwata Bafulatana ce daga wani ƙauye a bayan Ngaundare, kuma da aka kawo ta Mubi da karsana guda aka haɗo ta, ja mai farar fuska, ana ce mata Wule. A wajen mutanen uwata saniya sunan uwarta take ci, saboda haka 'yar Wule ma Wule ce. Wadda nake ba ku labarinta ita ce ta bakwai. Kowaccensu na san uwarta, na san ubanta, ba a taɓa barin san da ba a san asalinsa ba ya kusance su. A gudu aka kore garken duka. Mun dawo da wata biyu, ina shara da hantsi, sai ga Wule a ƙofar gida ita kaɗai, ƙashin haƙarƙarinta a waje, da guntun igiya a wuya. 'Ya'yanta uku mata ba wadda ta dawo.

Ta tsufa, haƙora sun cinye. In an yi sa'a haihuwa ɗaya ta rage mata, kuma a wannan haihuwar ce sunan zai tsaya ko ya mutu.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ƙannensa na ce masa Hamma, shi ya zo da maganar allura. Wai akwai wani ma'aikaci da ke zuwa daga Yola da tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi, a ciki akwai irin san Turai, a ɗura wa saniya ta haifi ruwa-biyu. Maƙwabcinmu, wani mutumin garin Uba, yana da irinsu. Nono kam suna cika bokiti, ba zan yi ƙarya ba. Amma rana na ɗagawa za ka gan su a inuwa suna haki, kaska ɗaya ta kwantar da su, kullum likita na hanya. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, kowa suke ba nono, ko da ɗa ko babu. Saniyar kirki ba ta haka. Sai an kwance ɗanta daga dangwali, igiyar da ake jera maruƙa, ya fara tsotsa, ta lashe shi ta tabbatar nata ne, sannan ta saki nono ki ja shi gefe ki tatsa. In ɗan ya mutu, fatarsa ake cusa wa ciyawa a ajiye mata a gaba. Haka na ga uwata na yi.

Saniya in ta nemi sa, yini guda ne, in ya wuce sai bayan sati uku. Sau uku Wule na nema ina hana a kai ta, don duk bijiman da ke Tike, kasuwar shanunmu, na mota ne, na mahauta, ba mai iya gaya maka ko uwarsu ta taɓa cika ludayi. A na ukun Hamma ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Dada, kowane nema da ya wuce yana iya zama na ƙarshe. Yaran nan rabon su da nonon gida tun kafin gudu."

"Ba san da ya dace da ita a garin nan."

"To a ina yake?"

"A inda uwata ta fito."

Ya ce, "Na ji. Sati uku. In ta sake nema ba ki dawo ba, zan kira mutumin Yola, kada ki ce na ci amanarki."

Na gangara bakin mayo, wato rafi, na tsinci tsakuwa ashirin da ɗaya na ƙulle a gefen zane. Kowace safiya in na idar da salla zan yar da ɗaya.

Tsakuwar farko a Bukula ta tafi, garin farko bayan an haura daga Sahuda. Jandarma ya riƙe katina yana jujjuyawa, yana ta Faransanci. Na ce da Fulatanci, ɗan nan, yi maganar mutane. Ya tambayi abin da zan je yi. Na ce sa zan je nemo wa saniyata. Ya kira 'yan'uwansa ya maimaita musu, suka yi ta dariya har ɗaya na dukan cinya, sannan suka zaunar da ni a benci har la'asar, ban san laifina ba. Motar da zan shiga ta tafi da gurasar da na bari a kujera.

Kafin Gidar ruwa ya cika wani mayo, muka zauna a gaɓa kwana biyu muna kallon sa. A Garwa cikina ya ɓaci, ko ruwansu ne ko zafin garin, na kwanta a rumfar mata ta masallacin tasha ina jin motocin Ngaundare suna cika suna tashi. Wata mai sayar da ƙosai, wadda har yau ban san sunanta ba, ta jiƙa mini tsamiya da kanwa, ta ce, "Sha, Dada, kada ki mutu mana a tasha, ba mu san inda za mu aika ba." Da muka hau gada na ga ruwan, aka ce Binuwai ce, tamu ta Yola. Na ce a raina, ga ruwa ma ya san hanyar gida.

Daga nan sai hawan dutse. Hanya tana naɗewa, manyan motoci a kwance a gefen rami ƙafafu a sama, kunnuwana suka toshe. Muna kaiwa sama sanyi ya shigo ta taga, irin wanda ban taɓa ji da damina ba. Na hango dutsen nan mai ɗan dutse a kansa kamar cibiya, wanda uwata ke ba mu labari in tana tatsa, sai na ja mayafi na rufe fuska don kada na kusa da ni ya gani. Tsakuwa shida sun tafi.

Ban san kowa a Ngaundare ba. Abin da na riƙe sunan ƙanin uwata kawai, Kawu Garga, wanda na san ya daɗe da rasuwa. A bakin tasha na sayi kindirmo a hannun wata mata mai kamar sa'ar ƙanwata, na kurɓa na ce, "Nonon mai kyau ne, ƙwaryar ce ba ta sha rana ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Baƙuwa da jaka a ka, ba ta sami wurin kwana ba, ta fara da gyara mini ƙwarya! Daga ina?"

"Mubi."

"Shi ya sa. Taso mu je gida ki nuna mini yadda ake shanya ta."

Asta ke nan. Mijinta ya rasu, ɗaki ɗaya gare ta, ta raba tabarmarta biyu ta ba ni bargon da ya fi kauri. Adda take ce mini.

Ranar kasuwar shanu na shiga ina tambayar gidan Garga. Wani dillali mai farar riga da carbi, Sali, ya tsaya cak.

"Garga kika ce, Goggo? Ai kakana ne ta wajen uwa! Allah mai iko, yau jini ya kira jini."

Ya kama jakata, ya samo mini kujera, ya ce garken Garga ya rarrabu amma akwai sa guda na wannan jinin a hannunsa. Ya nuna mini shi, ja, tozo a tsaye, fatar wuya na lilo. Na zagaya shi sau biyu ban ga aibu ba. Na ce ba na sayen sa da ido, sai na ga uwarsa ana tatsa. Ya ce, "Goggo, ke ce gidan Garga na gaskiya. Gobe da safe."

Da safen ya ɗauke ni a babur zuwa wani shingen waya a bayan gari. Muka tarar wani mutum ya durƙusa yana tatsar wata jar saniya. To, a nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban Hamma ba. Bokitin nan na tsaya kallo. Kumfa na tashi, nono na hawa, ya kai rabi, ya wuce, ya cika, aka jawo na biyu. Shekara sittin ina tatsa ban ga saniyar ƙasa ta yi haka ba. Zuciyata ta ce, ga shi, ki kai wannan jinin gida ki rufe bakin Hamma da mutumin Uba gaba ɗaya. Na dai lura tozonta ƙarami ne, na faɗa. Sali ya ce, "Nono ne ya shanye shi, Goggo." Na yarda, don ina so in yarda. Na zare awarwaron azurfa biyu na uwata daga hannuna na ba shi ya riƙe, kada wani ya riga ni.

Sai jira. Yau takardar likitan dabbobi, gobe direba ya tafi biki, jibi ana gyaran taya. Ina yar da tsakuwa ina ƙirga sauran, in sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Abinci ya daina shiga. Ranar da ta goma sha biyu ta tafi, muna zaune Asta na kaɗa nono ina ta ba ta labarin bokitin nan karo na nawa, sai ta ce, ba ta ma ɗago kai ba, "Ɗan da ke bin ta, mace ce ko namiji?"

Na buɗe baki. Na rufe.

"Adda?"

"Ban gan shi ba."

"Ba ki gan shi ba kamar yaya? Wa ya sauko mata da nonon?"

Ba kowa. Ba maraƙi a gabanta, ba dangwali a shingen, ba fatar ciyawa. Tana tsaye tana tuƙa, tana zubar wa ɗan ƙwadago nono kamar famfo. Ni da na baro Mubi saboda wannan abu ɗaya, na tsaya a gabansa da idona biyu ban gani ba, don ina kallon bokiti. Uwar ruwa-biyu ce, ɗanta kuwa ya ɗauko tozon ubansa ya rufe asiri. Da na kai shi gida, abin da na hana Hamma shi zan yi da hannuna, in ƙara da wahalar hanya.

Sali ya ɓace. Gidan da ya nuna mini aka ce ba a san shi ba. Asta ta fito da wayarta ta ce, "Ina takardar da aka rubuta miki lambar ɗanki? Kira shi, ki ce ya ƙara miki sati uku."

"In ce masa me? An cuce ni da nono?"

"Ki ce masa uwarsa ce ke magana."

"Ban taɓa roƙon abin da na haifa ba."

"To ki zauna da girmanki, Adda, shi zai hau saniyar."

Na ƙi. Na kuma ƙi barin garin ba awarwaron uwata, wato sai wata kasuwar. Kwana uku na zauna ina cin raina.

Ranar kasuwa na wuce kai tsaye rumfar sarkin tike, inda dattawa ke zama. Aka nemo Sali, ya zo yana murmushi yana cewa tsohuwa ce ta rikice, sansa tsantsa ne, in tana da shaida ta kawo. Na ce, "Shaidata tana shingen waya, uwar san nan ce. A je da dattijo biyu, a ɗaure ɗanta inda ba za ta ji kukansa ba, a sa hannu a hantsa. In ta hana, awarwaro naka ne, in ƙara maka da mayafina." Sai wani tsoho mai ido ɗaya ya fashe da dariya ya ce, "Sali, fito da kayan mutane, wannan ba 'yar birni ba ce." Ya zaro su daga aljihu ya ajiye a tabarma, bai dube ni ba. Tsohon nan ne ya ce mini Garga ba shi da jika mai suna Sali, amma ɗansa Bobbo yana nan da rai, tafiyar yini ta gabas, inda mota ba ta shiga.

Babur, sannan ƙafa, cikin jan laka mai kama takalmi. Na isa da tsakuwa huɗu a zane.

Bobbo tsoho ne siriri, yana zaune yana tufkar igiya. Na yi sallama na faɗi ko ni wace ce. Ya ce kowa na iya faɗin haka, in gaya masa wace saniya aka ba goggonsa. Na ce Wule, 'yar Wule mai karyayyen ƙaho, wadda kura ta ciji wutsiyarta. Ya ajiye igiyar. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka maimakon kuka sai ya ce, "Ashe ke ce baiwar tawa da aka kai wa Hausawa! Kin zo biyan bashin gaisuwar shekara saba'in da hannu wofi?"

"Na zo in ga ko har yanzu kuna wanka sau ɗaya a shekara."

"Ji bakin baduku! Ku kawo mata nono, ta manta ɗanɗanonsa."

Da yamma shanu suka dawo. Ina tsaye sai ga fararen fuskoki suna shigowa, ɗaya, biyu, har biyar, jajaye, tafiyarsu irin ta tawa, har yadda suke karkatar da kai. Na zauna a ƙasa ina kallon su. Amma da na juya, a bayan ɗakin matarsa, ga wasu uku masu baƙi da fari a ƙarƙashin rumfa ana zuba musu dusa.

"Bobbo! Har da kai?"

"Har da ni. Waɗannan ukun su ke kai jikokina asibiti, su ke sayen gishiri. Amma duba da kyau, akwai shinge tsakaninsu da garke, kuma ba san da ke tsallakawa."

"To me ya hana ka mai da su duka haka, tunda nono kake so?"

"Na ga waɗanda suka yi. Haihuwar farko daɗi, uwa tamu uba na Turai. Daga nan suka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, kowane maraƙi ya fito da kamarsa, wannan ba nono, wancan ba ƙarfi. Da suka waiwayo neman uwa tsantsa su sake farawa, babu, sun sayar. Wurina suke zuwa yanzu."

Na gaya masa abin da ya kawo ni, na kwance gefen zane na nuna masa tsakuwa. Na fara zare awarwaro, ya daka mini tsawa. Ya ce a gidan Garga ba a sayar wa 'yar goggo san garke, ba da shi ake yi. Yana da sa ɗan shekara uku, uwarsa daga wani layin ne ba na Wule ba, don kada jini ya yi kusa. Da safe ya sa aka kawo uwar. Wannan karon bokiti ban kalla ba. Na sa aka bar ɗanta a dangwali na durƙusa da kaina na ja, ko ɗigo. Aka kwance shi, ya tsotsa, ta lashe shi, nono ya sauko, ƙwarya guda mai kauri. Na ce na karɓa.

Sai dai san yana can kwari tare da samarin shanu, zuwa da dawowa kwana biyu. A nan girman kaina ya karye. Na ciro takardar lambar Hamma na ce a kira mini shi. Matar Bobbo ta ce wayarsu ba ta kamawa sai an hau wani tudu, muka hau, ni da ita, tana ɗaga wayar sama tana juyawa. Ba ta kama ba. Washegari muka sake hawa. Ba ta kama ba.

Da tsakuwa ɗaya na bar gidan Bobbo. Ya rako ni har bakin laka yana cewa in kula da san, ya fi ni asali. Na ce sunansa zan sa masa, don in riƙa ɗaure Bobbo a turke kullum.

Komawar ba na son tuna ta. Asta ta samo mana wuri a motar shanu mai zuwa arewa, ta cusa mini ƙullin dambu a jaka, ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka mata. Aka ce in zauna gaba, amma duk inda aka tsaya sai na sauka na leƙa ta tsakanin katako, don sa in ya faɗi a mota sauran tattake shi suke yi. A gangaren dutsen nan ya faɗi. Na yi ta dukan ƙofa ina ihu har direba ya tsaya yana zagina, aka ja shi da wutsiya ya tashi, gwiwarsa na jini. A Garwa, tsakuwa ta riga ta ƙare, na ba direban takarda ya kira. Binta ce ta ɗauka, matar Hamma.

"Binta, Wule ta nema?"

"Dada, kina lafiya? Mun yi ta neman labarinki."

"Tambayarki na yi."

Sai da na sake tambaya. Sannan ta ce, "Sai dai kin zo, Dada."

Daga Bukula a ƙafa muka haura da shi, ni da wani makiyayi mai kora shanu zuwa Tike. Ina tafe ina gaya wa kaina tsohuwar saniya takan yi jinkiri, takan kai kwana ashirin da huɗu, na sha gani. Ranar ta ashirin da huɗun, bayan azahar, na shigo gida da igiya a hannu. Yara suka yi ta ihu. Ni kuwa idona na kan zanan da ke bayan turken Wule. An rataye wata safar hannu ta leda a kai, doguwa mai kaiwa kafaɗa, iska na kaɗa ta.

Hamma ya fito ya durƙusa. Ya dubi san, ya daɗe yana duban sa.

"Shekaranjiya da safe ta nema, Dada. Na tsaya a bakin hanya har la'asar ina duba kowane babur. Mutumin Yola ya ce in rana ta faɗi shi ke nan."

Na miƙa wa yara igiyar.

"Da kin kira ni kafin ranar, ko sau ɗaya, kin ce kin samu, wallahi da na jira."

Na ce a ba san ruwa, ya sha hanya. Na shiga ɗaki. Maganar nan tasa ta fi dutsen Ngaundare nauyi, don gaskiya ce.

Na yi ta addu'a kada allurar ta kama. Sati uku suka cika, Wule ta wuce ta gaban sa Bobbo ko kallon sa ba ta yi ba. Wata tara ta haihu da ƙyar, ni da Hamma muka ja. Mace ce, baƙa, bayanta a shafe ba tozon kirki, amma fuskar fara fat. Binta ta ce, "Ga Wule ƙarama." Na ce kada in sake ji. Yara suka sa mata Madam, ya bi ta. Wule ba ta ƙara nema ba, da rani ta kwanta a gindin turkenta ba ta tashi ba.

Madam ta girma da magani da dusa da rumfa. Da ta isa, Hamma da kansa ya zo ya ce, "Dada, a sake allura ko a ba Bobbo?" Na ce tambayata kake yi yanzu? Aka ba Bobbo. Ta haifi mace, ja, farar fuska, da ɗan tozo kamar dunƙulen hannu. Madam kuwa ta yi halin nasu, kowa ya durƙusa ta ba shi, bokiti guda safe, rabi yamma. Jikokina sun yi kumatu da nononta, Binta ta koma kai kindirmo kasuwa. Na sha ni ma, ba zan ɓoye ba. 'Yar kuma na hana a sa mata suna. Shekara huɗu ana ce mata jar nan.

Bara ta yi haihuwar fari, daga wani san da ɗan taubashina Bobbo ya aiko. Kwana bakwai bayan nan ina zaune a ƙofar ɗaki na ga Binta ta ɗauki bokiti ta durƙusa, maraƙin na ɗaure can nesa, don ta saba da Madam. Ta ja, ta sake ja, ta shafa ruwan ɗumi ta ja.

"Hamma, zo ka gani, wannan ba ta da komai. Hantsa cike, ta ƙi saki."

Ya zo ya gwada, ta kai masa ƙafa. Ya ce ko a kira likita. Na tashi da sandata, na je dangwali na kwance maraƙin. Ya ruga ya kama, ta juyo da farar fuskar nan ta lashe shi daga kai har wutsiya. Na ja shi gefe, na ture bokitin da ƙafa na ce a miƙo mini ƙwarya. Nono ya sauko mini a hannu da ɗuminsa. Na jingina goshina a cikinta na ce, "Wule. Kin daɗe a hanya."

Taubashina Bobbo ya rasu shekarar da aka canja kuɗi, ban samu zuwa gaisuwa ba. Tsohon nan mai ido ɗaya ma an ce ya tafi. Sali ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Asta tana nan a bakin tasha, direbobi na kawo mini gaisuwarta, wai har yau ƙwaryarta na shan rana. Sa Bobbo ya tsufa, yana kwance a inuwa, na hana a kai shi Tike. Madam na nan tana cin dusarta. Sai ni, sai Hamma, wanda ya fara furfura, muna gardama ɗaya da ba ta ƙarewa. Shi ya ce wannan Wule ta tara ce, don yana ƙirga Madam. Ni na ce ta takwas.

Hadiza, rubuta takwas. In kuma tara kika rubuta, in an zo wurin kada a karanta mini.